Ra'ayinmu: Kafin Ka Biya Kuɗin Kallon Ƙwallo na Wata

Watan Agusta wata ne mai nauyi a ƙasar Hausa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, sabo bai shigo ba, zazzaɓin damina yana kwantar da yara, ga kuɗin makaranta na Satumba yana leƙowa. A daidai wannan lokaci ne kuma ake buɗe kakar gasar Firimiya ta Ingila, sai maigida ya kunna akwatin talabijin ya tarar da sanarwa cewa kuɗinsa ya ƙare, sai ya sabunta. Daga nan muhawarar da aka saba ke tashi a majalisu da teburan masu shayi: shin wannan kuɗi da ake biya duk wata don kallon ƙwallo a gida yana biyan buƙata, ko kuwa asara ce da son rai ke lulluɓewa?

Tambaya ce da ta cancanci a zauna a yi mata lissafi, domin ba ƙaramin kuɗi ake magana a kai ba. A farashin da kamfanin MultiChoice ya sanya a watan Maris na 2025, babban tsarin DStv, wato Premium, ya koma naira 44,500 a wata. Compact Plus, inda ake samun wasannin Gasar Zakarun Turai, naira 30,000 ne. Compact, wanda mai son Firimiya ke iya tsayawa a kai, naira 19,000. A ɓangaren GOtv, tsarin Supa Plus ya kai naira 16,800. Sai a ɗora waɗannan kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024. Premium kaɗai ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci, Compact kuma ya haura kwata. A farkon 2023 Premium ɗin nan naira 21,000 ne, Compact kuma 9,000. Cikin shekara biyu duk sun ninka, har da ɗoriya.

Adalci ne a saurari abin da kamfanin ke faɗa. Haƙƙin nuna wasannin Turai da kuɗin waje ake sayensa, kuma kaya ne da ake gwanjonsa, mai ƙarfin aljihu ya ɗauka. A cikin Birtaniya kawai, gidajen talabijin sun amince su biya fam biliyan 6.7 don nuna Firimiya na shekara huɗu daga 2025, ban da abin da sauran ƙasashen duniya ke biya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Duk wanda ke sayen kaya da dala yana sayarwa da naira ya san abin da hakan ke nufi, ko ɗan Kantin Kwari ne ko ɗan Singa. Tarihi ma ya nuna cewa sana'ar ba ta da sauƙi. HiTV ya karɓe Firimiya a Najeriya a 2007, mutane suka yi murna an sami kishiya, amma kafin ƙarshen 2011 ya durƙushe. Kwesé TV ya zo da ƙarfinsa, shi ma ya rufe a 2019. Da a ce ribar a zube take a ƙasa kamar yadda wasu ke zato, da waɗannan ba su mutu ba.

Sai dai wannan hujja tana bayyana dalilin tsadar ne kawai. Ba ta ce wa maigida ya biya ba. Kuma jama'a sun riga sun ba da tasu amsar da ƙafafunsu: MultiChoice da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025. Waɗannan mutane ba su daina son Arsenal ko Barcelona ba. Tukunya ce ta yi magana, suka saurara.

A ganinmu babban kuskuren da mai son ƙwallo ke yi shi ne duba farashin wata. Abin dubawa shi ne nawa kowane wasa da ya zauna ya kalla da idonsa ya tsaya masa. Kamfani zai ce maka wasa 380 ne a kakar Firimiya, ga La Liga, ga wasa 189 na Gasar Zakarun Turai a sabon tsarinta mai ƙungiyoyi 36. Gaskiya ne, duk suna cikin akwatin. Amma wa ke kallon 380? Mutumin da ke fita kasuwa ko ofis tun safe, mai iyali, mai zumunci, mai ɗaurin aure da jana'iza a ƙarshen mako, wasan ƙungiyarsa yake nema, sai kuma manyan karawa 'yan kaɗan. Ƙungiyarsa wasa 38 za ta buga a Firimiya daga Agusta zuwa Mayu, wato kusan huɗu a wata. Raba 19,000 gida huɗu: kowane wasa ya tsaya masa a kan naira 4,750. Idan ya hau Compact Plus saboda Zakarun Turai, ya biya wata goma, naira 300,000 ke nan a kan wasa 46 da yake da tabbacin ƙungiyarsa za ta buga, wato kowane ɗaya ya haura naira 6,500. A gidan kallon unguwa kuwa, da ɗari biyu ko ɗari uku zai ga wasan nan dai, ƙwallon da aka ci ita ce aka ci.

Wannan ma lissafin wanda ke da wuta ke nan, kuma a nan ne maganar ta fi ciwo. Kuɗin wata yana tafiya ko an kunna akwati ko ba a kunna ba. Kwana talatin ɗin ba su san an ɗauke wuta ba, ba su san taransifoma ta ƙone ba, ba su san hadari ya haɗu hoto ya ɗauke ana tsaka da bugun fenariti ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun shafe fiye da mako guda a cikin duhu, ana tsakiyar kakar wasa. Wanda ya biya a farkon wannan wata ya biya kuɗin kwanakin duhun tare da na haske. Wanda ya ce zai tayar da janareta kuma sai ya tuna cewa tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tashin da har ta taɓa haura dubu. Ƙaramin janareta zai sha kusan lita guda kafin a tashi wasa, idan an haɗa da hutun rabin lokaci da ƙarin lokaci. Wanda ke layin da ake kira Band A yana samun wutar, amma tun Afrilun 2024 aka ninka masa kuɗinta fiye da sau uku. Saboda haka kuɗin kallo kuɗi biyu ne, ɗaya na kamfani, ɗaya na wuta, kuma na biyun ba ya fitowa a talla.

Duk da haka ba za mu ce masu biya ba su san abin da suke yi ba. Akwai abubuwan da kallo a gida ke saya waɗanda ba sa shiga lissafin rabawa da huɗu, kuma wasunsu sun fi ƙwallon kanta daraja.

Na farko shi ne yaro ya kwana a gida. Wasannin Zakarun Turai a lokacin sanyi da ƙarfe tara na dare ake take su, a tashi wajen sha ɗaya. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana dawowa ta lunguna a wannan lokaci, a garuruwan da ake fama da ƙwacen waya da faɗan daba, ga makaranta da safe. Uban da ya ce gara ya biya dubu talatin ya ga 'ya'yansa a gabansa, ya san da wa suke zaune da abin da suke ji, ba almubazzaranci ya yi ba. Kuma ba mu manta ba. A ranar 17 ga Yunin 2014 bam ya tashi a wurin kallo a Damaturu ana kallon wasan Brazil da Mexico na Gasar Kofin Duniya, mutane fiye da goma suka rasu. A watan Afrilun 2017 babbar wayar wuta ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum bakwai suka mutu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Alhamdu lillahi tsaro ya sauya a wurare da dama tun wancan lokaci, amma ginin langa-langa mai ƙofa ɗaya, da wayoyin wuta a warwatse, da mutum ɗari a cushe, har yanzu haka yake a unguwanni da yawa.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa sa su a lissafi ba, wato mata. Gidan kallo a ƙasar Hausa wurin maza ne, kowa ya san haka. Amma matan da ke bin ƙwallo suna da yawa fiye da yadda ake zato, kuma 'yan mata da dama sun so su ga daren da Super Falcons suka farfaɗo daga ci biyu suka doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat a watan Yulin 2025, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. In ba a gida ba, ina za su gani? Haka dattijon da girmansa ba zai bari ya cusa kai cikin samari masu ihu ba, da mai larurar da ba zai iya zaman benci na awa biyu ba. Ga kuma salla. Wasan ƙarfe huɗu yana cin karo da La'asar, na shida da rabi yana faɗawa kan Magariba. Wanda ke gidansa zai tashi ya je masallaci ya dawo ya tarar da kujerarsa. Wanda ya biya kuɗin shiga ya samu wuri da ƙyar, zuciyarsa za ta yi ta ce masa ya bari a je hutun rabin lokaci. Idan aka ƙara da cewa kuɗin nan bai tsaya kan ƙwallo ba, har da tashoshin labarai, da na yara, da na finafinan Hausa, sai lissafin gida mai mutum takwas ya bambanta ƙwarai da na gwauro.

Amma akwatin da ke tsare yaro a gida yana shigo masa da wani baƙo. Kusan babu wasan da za a nuna ba tare da tallan caca ba: a rigunan 'yan wasa, a allunan gefen fili, a hutun rabin lokaci. Shi kansa MultiChoice yana da kaso 49 cikin ɗari a kamfanin da ya mallaki dandalin caca na BetKing. A Kano Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a watan Oktoban 2024, amma cacar ta riga ta koma cikin waya, inda babu ƙofar da za a garƙame. Uban da ya biya kuɗin kallo don tarbiyya, aikinsa bai ƙare da biya ba. Sai ya zauna tare da yaran, ya faɗa musu abin da wannan talla take nufi da inda take kai mutum.

Shi kuwa gidan kallo, duk da abin da muka faɗa, bai cancanci raini ba. Shi ne ya raini son ƙwallon Turai a ƙasar nan. A kan bencinsa aka koyi son Arsenal saboda Nwankwo Kanu, aka bi Chelsea saboda Mikel Obi ɗan Jos har ya ɗaga kofin Zakarun Turai a 2012, aka yi ihu har murya ta dushe lokacin da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a 2014. Idan aka duba da kyau, gidan kallo adashi ne: mutum ɗari sun haɗa kuɗin dikoda ɗaya da man janareta ɗaya, kowa ya biya daidai abin da ya kalla. Tsarin nan na biya-ka-kalla da 'yan majalisar tarayya suka sha neman kamfani ya kawo, kamfani yana cewa ba zai yiwu ba, ai mai gidan kallo ya daɗe da kawo shi. Ga shi sana'a ce da ke ciyar da mai wurin, da yaron da ke karɓar kuɗi a ƙofa, da mai shayi da mai tsire na gefe. Kuma ƙwallo abin taro ce. Wanda ya taɓa jin yadda rufin kwano ke amsawa idan aka ci a minti na casa'in ya san cewa falo ba ya ba da wannan.

Hanya ta uku ita ce waya. A watan Fabrairun 2024 an fito da tsarin Showmax na kallon Firimiya a waya a kan naira 2,900 a wata, wanda ya nuna cewa ana iya sayar da ƙwallo ita kaɗai da araha idan an ga dama. Sai dai data ce ke biyan sauran, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Su kuwa shafukan sata da ke yawo a WhatsApp da Telegram, mun san dubban matasa a kansu suke. Ba za mu ba kowa shawarar bin su ba. Haƙƙin wani ne ake ci, doka ta hana, kuma sau da yawa wayar da ke ɗauke da asusun bankin mutum ita ce yake buɗe wa mutanen da bai sani ba. Amma kamfanoni su sani cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rediyo ma yana nan, kuma sharhin wasa da Hausa ya daɗe yana wadatar da manomi da direba ba tare da an nemi ko sisi ba.

Wani abin da ya kamata mai biya ya sani shi ne babu akwati ɗaya da ya tara komai. Haƙƙin gasa yana sauya hannu daga kaka zuwa kaka. Ana dab da fara Gasar Kofin Afirka a Kwaddibuwa a watan Janairun 2024, SuperSport na MultiChoice ya sanar cewa ba zai nuna ba, domin haƙƙin yana hannun New World TV na ƙasar Togo, sai a kwanakin ƙarshe aka daidaita. Gasar ce Najeriya ta kai wasan ƙarshe, mai masaukin baƙi ta doke ta da ci 2 da 1. Gasar cikin gida kuwa, wadda Kano Pillars ta lashe a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, StarTimes ne ya ƙulla yarjejeniyar nuna ta a 2023. Wato mai son Pillars da Chelsea a lokaci guda yana iya samun kansa da dikoda biyu. Abin takaici ne a ce ya fi sauƙi mutumin Fagge ya ga wasan da ake bugawa a Landan fiye da wanda ƙungiyar garinsa ke bugawa a Aba.

To, ga hukuncinmu. Ga mafi yawan masu son ƙwallo a ƙasar nan, wato mai ƙaramin albashi, da ɗalibi, da mai sana'ar hannu, da duk wanda shi kaɗai ne mai kallo a gidansa ko wutar unguwarsu ba ta da tabbas, biyan kuɗin wata bai cancanta ba. Gidan kallo mai tsabta da tsaro, na kusa da gida, ya wadatar da shi, kuma babu abin kunya a ciki. Biyan yana da ma'ana ga gidan da ya cika sharaɗi uku: masu kallo suna da yawa, akwai wuta tsayayya ko sola, kuma kuɗin zai fita ba tare da cefane, ko kuɗin makaranta, ko magani, ko haƙƙin iyaye sun ji a jikinsu ba. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne kada kuɗin kallo ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ke shigowa gida a wata. A wannan ma'auni, Compact na mai samun naira 380,000 ne zuwa sama. Wanda zai ci bashi, ko ya jinkirta kuɗin haya don ya sabunta, ya bari. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wanda ya cika sharuɗɗan ma kada ya biya ido rufe. Ya tambayi tashoshin da ke nuna gasar da yake so, ya tsaya a ƙaramin tsarin da ke ɗauke da su. Premium ba na mai neman ƙwallo kawai ba ne. Ba dole ba ne a biya watan Yuni da Yuli idan babu babbar gasa, kuma babu wanda zai ƙwace dikoda don an tsallake wata. Majalisar abokai goma da ke da zaure da sola za su iya haɗa dubu uku-uku su kalli Zakarun Turai cikin mutunci, su tashi salla tare, su sallami yara da wuri. Muna ganin wannan ita ce hanya mafi dacewa da aljihu da kuma al'adarmu.

Ga hukuma, ba ma ganin ƙayyade farashi zai yi magani. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta gwada hana ƙarin Maris na 2025, amma a watan Mayu Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce hukumar ba ta da ikon ƙayyade farashi. Abin da ke hannun gwamnati shi ne wuta, da buɗe ƙofa ga masu gogayya, da tilasta wa kamfanoni su bayyana ƙarara wace gasa ke cikin wane tsari kafin mutum ya biya. Gwamnatocin jihohi kuma su sa ido a kan gidajen kallo: ƙofar fita ta biyu, wayoyin wuta masu kyau, da lokacin sallamar ƙananan yara. Rufe su ba zai hana kallo ba, sai dai ya tura shi inda ba a gani.

Tun watan Satumban 2025 MultiChoice ya koma hannun Canal+ na Faransa, kamfanin da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka daɗe da sani. Buƙatarmu ga sabon mai gida ɗaya ce. Mutanen nan da lada ta yini suke rayuwa, ba da albashin wata ba, shi ya sa ake sayar musu da madara da omo a ƙulli, shi ya sa StarTimes ya samu shiga da biyan yini da na mako. A ware ƙwallo daga tashoshi ɗari da ba a kalla, a sayar da ita ta ƙarshen mako ko ta wasa ɗaya, a kuma bar mai biya ya dakatar da kwanakinsa idan wuta ta ɗauke. Ranar da aka yi haka, za mu sake wannan lissafi a wannan shafi.